Murmushin Glenys Thackray

Ranar Lahadi ce, kuma kamar kullum gidan Thackray ya fi kowane gida a layinmu sheƙi. Tagogi sun sha guga, labule fari tas, furannin bakin ƙofa a jere babu wanda ya fi wani tsawo. Glenys Thackray ta dawo daga coci, ta ajiye hularta, ta fito da gasasshen naman sa da dankali, ta jera farantan da ba a taɓa su sai ranar baƙi.

Baƙin nata kuwa ba wasu ba ne, 'yarta ce tilo, Bryony, mai aiki a wani ɗakin karatu a Leeds, da saurayinta Kieran Duckworth, wanda ya sa mata zoben baiko tun kafin Kirsimeti. Kieran ɗan garinmu ne. Shi da mahaifiyarsa Pauline ke riƙe da shagon soya kifi da dankali na bakin kasuwa.

Da suka shigo sai suka tarar da Norman, mahaifin Bryony, tuni yana zaune a gaban tebur, ya sha kwat da laktaye. Norman ya daɗe yana shugaban firamaren garin kafin ya yi ritaya, rabin mutanen garin ta hannunsa suka bi, har yau Hedimasta ake ce masa. Mutum ne mai tarbar baƙo tun daga bakin ƙofa, amma ranar ko motsawa bai yi ba.

"Baba, yau ba za ka tashi ka rungume ni ba?" in ji Bryony.

"Gwiwa ce," Glenys ta amsa daga kicin kafin ya buɗe baki. "Jiya ya wuni a lambu, na hana shi ya ƙi ji."

Kieran ya miƙa masa hannu. Norman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi murmushi.

"Sannu da zuwa, Stuart."

Stuart ƙanin Glenys ne, kuma ya daɗe da rasuwa. Glenys ta ƙyalƙyale da dariya tana ajiye kwanon miya.

"Ku ji shi da tsokana. Tun safe yake cewa kana kama da Stuart. Ku zauna mana, abinci zai huce."

Aka fara ci. Duk tambayar da aka jefa wa Norman, Glenys ce ke cafewa. Bryony ba ta kula ba, don bakinta cike yake da zancen biki.

"Mun yi magana da fasto, Mama, ya ba mu watan Yuni. Baba, sai ka fara shiri, kai za ka riƙe hannuna tun daga ƙofar coci har gaba. Jawabi kuma kada ya yi tsawo irin na ranar rabon kyaututtuka, ka ji?"

Glenys ta ajiye wuƙa da cokali a hankali, ta goge bakinta.

"Yuni ya yi kusa."

"Kusa kuma? Ke fa kika ce kada a bari damina ta wuce."

"Na sake tunani. A ɗaga."

"Zuwa yaushe?"

"Zuwa lokacin da za ki dawo hayyacinki." Murmushin bai bar fuskarta ba. "Kieran, kada ka ji haushi, kai yaron kirki ne. Amma 'yar Hedimasta, da digirinta, ta ƙare a bayan kanta tana naɗe kifi a takarda? Ko yanzu da ka shigo, ɗakin nan duk ya ɗauki ƙaurin mai."

Kunnuwan Kieran suka yi ja. Bryony ta juya wajen mahaifinta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Baba, kana ji? Ba za ka ce komai ba?"

Norman ya dubi matarsa, ya dubi farantinsa, ya ce naman ya yi daɗi.

Bryony ta ture kujera ta fice. Kieran ya miƙe, ya ce, "Na gode da abinci, Misis Thackray," ya bi bayanta. Glenys ta rako su har bakin ƙofa tana ɗaga musu hannu da fara'a, saboda Doreen Ogden ta gidan da ke kallonsu tana waje tana shara.

A mota Bryony ta yi kuka har ta gaji.

"Mu je ofishin rajista kawai a ɗaura, mu biyu da shaidu. Ba na son ganin kowa."

"Ki faɗa wa wani, ba ni ba," in ji Kieran. "Ke da tun kina 'yar firamare kike labarin ranar da babanki zai raka ki cikin coci. In muka yi haka, nan da shekara goma ni za ki riƙa kallo da haushi."

"To ka ji abin da ta ce maka fa."

"Na ji. Ƙaurin mai kam ina yi, wannan ba ƙarya ta yi ba." Ya shinshina hannun rigarsa, ita kuma ta yi dariya cikin kuka. "Amma matar da ta saƙa mini hular sanyi bara ba ita ce ta yi maganar nan ba. Akwai wani abu. Mu jira."

Jiran bai zo da sauƙi ba. Da labari ya kai kunnen Pauline, sai da ta kashe wutar kaskon suya don ta sami damar yin faɗa da kyau.

"Ƙaurin mai? Da wannan ƙaurin na raine ka ni kaɗai bayan mutuwar ubanka. Ka karɓo zobenka. 'Yan mata sun ƙare ne a Yorkshire?"

"Ba Glenys zan aura ba, Mama."

"Haka kowa ke cewa, sai ya wayi gari da suruka a falonsa."

A can ɓangaren kuma, duk lokacin da Bryony ta buga waya gida, amsa ɗaya ce: kowa lafiya, babanki yana hutawa, kada ki wahalar da kanki da zuwa, muna fenti. Sau ɗaya ta zo ba sanarwa, Glenys ta tare ta a bakin ƙofa da kwalliyarta tsaf, ta ce fita za su yi. Bryony ta koma Leeds tana jin kamar an kore ta daga gidan ubanta saboda ta so wanda take so. Ta rame. Wata rana ta cire zoben ta ajiye wa Kieran a kan kanta, ta ce ba za ta iya zama sanadin da za a riƙa wulaƙanta shi ba. Ya ɗauka, ya goge shi da gefen rigarsa, ya mayar mata a yatsa.

"In kin daina sona, ki faɗa, zan karɓa. In don mamanki ne, ki bar shi inda yake."

Watan Yuni ya zo ya wuce ba biki. A layinmu kuwa ba abin da ya canja a gidan Thackray. Tagogi na sheƙi, Glenys na zuwa coci da hularta, in an tambayi Hedimasta ta ce yana gida yana rubuta tarihin makaranta.

Sai wata Alhamis da rana, ana yayyafi, shagon su Kieran cike da masu sayen abincin rana, ƙofa ta buɗe. Norman Thackray ne, da kwat da laktaye, amma silifas ɗin ɗaki ne a ƙafarsa. Yana tafiya yana jan ƙafa kamar an manna tafinsa da ƙasa. Ya tsaya a tsakiyar shago yana waige-waige.

"An kaɗa ƙararrawa? Ina 'yan aji huɗu?"

Pauline ce ta fara lura da gaban wandonsa. A jiƙe yake, kuma ba yayyafi ne ya jiƙa shi ba. A cikin masu layi akwai mutum uku ko huɗu da ya koyar. Ba ta tsaya tunani ba. Ta suri tulun ruwan sha da ke kan kanta, ta zagayo kamar za ta wuce, ta yi tuntuɓen ƙarya, ta sheƙa masa ruwan tun daga ciki har gwiwa.

"Wayyo, Hedimasta, dubi abin da na yi maka! Hannun nan nawa ya tsufa. Kieran, shiga da shi ciki ka ba shi wando, kafin matarsa ta kai ni kotu."

Mutane suka yi dariya, aka ci gaba da ciniki. A ɗakin baya Kieran ya taimaka masa ya sauya kaya, ya haɗa masa shayi mai sukari. Norman ya riƙe kofin da hannu biyu yana kallon ƙasa. Can ya ɗago, idonsa ya washe kamar wanda ya farka.

"Kieran ne, ko?"

"Ni ne, Hedimasta."

"Ba mahaifiyarka ce ta fara jiƙa ni ba."

"Ni dai ruwan tulu na gani."

Norman ya gyaɗa kai. "Ka kai ni gida, ɗana. Glenys za ta tsorata."

Kieran ya buga wa Bryony waya ya ce ta hau jirgin ƙasa na farko, sannan ya sa tsohon a mota. Pauline ta bar wa mai taya su aiki shagon, ta shiga kujerar baya, ta ce ita ma sai ta ga ƙarshen abin.

Tun daga kan kwanar layinmu suka hango Glenys. Ba wanda ya taɓa ganinta haka. Gashi a barbaje, rigar barci a ƙarƙashin kwat ɗin ruwa, tana leƙa lambunan mutane tana kiran sunan mijinta, Doreen Ogden na biye da ita da lema. Da ta ga Norman a mota sai ta zauna a gefen titi. Ko a nan sai da ta yi ƙoƙarin gyara gashinta.

"Yawo ya fita," ta ce da Pauline. "Yana son yawo. Na gode da kuka rage masa hanya."

"Glenys," in ji Pauline, "wandon ɗana ne a jikinsa."

Glenys ta dubi wandon. Murmushin ya yi rawa a bakinta, ya faɗi. Ta rufe fuska da hannu biyu ta fashe da kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa.

Suka shiga da su ciki. Falo tsaf yake kamar kullum, amma da Pauline ta tura ƙofar kicin don ta ɗora ruwan shayi, sai ta ga zannuwan gado a shanye ko'ina, a kan kujeru, a kan ƙofa, a kan igiyar da aka ɗaura daga taga zuwa kabad. A ciki Glenys ke shanya su don kada maƙwabta su ƙirga wanki.

Kafin Bryony ta iso, Norman ya yi barci a kujera. Ta shigo da gudu, ta ga zannuwan, ta ga mahaifiyarta ba hoda ba jan-baki, ta tsufa a 'yan watanni. A nan teburin kicin Glenys ta faɗi komai. Abin ya fi shekara. Da jan ƙafa abin ya fara, sai mantuwa, sai fitsari ya fara kufce masa. Ita ke yi masa aski, ita ke ɗaura masa laktaye, ta zaunar da shi kafin baƙo ya shigo. Ba ta kai shi wurin likita ba, domin da irin haka mahaifinta ya fara, aka kai shi gidan kula da tsofaffi, bai sake fitowa ba.

"Da kika ce zai raka ki cikin coci, sai na hango shi a gaban garin nan kaf, yana jan ƙafa, ko ya kira ki da sunan wata, ko abin da ya fi haka. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai taɓa bari a buɗe ba. Na rasa yadda zan hana bikin, sai na kama abin da ya fi kusa da hannuna." Ta dubi Kieran. "Kai na kama."

"Mama, ni 'yarki ce," in ji Bryony. "Wata nawa ina kwana da tunanin kun tsane ni? Ubana ba shi da lafiya, ke kuma kina ce mini fenti kuke yi?"

"Ban so ki ɗauki kayan da ba naki ba."

"Nawa ne mana. Na wa ne in ba nawa ba?"

Doreen Ogden, wadda ke tsaye a jikin firiji tun ɗazu, ta yi gyaran murya.

"Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, Glenys, layin nan kaf an sani."

Glenys ta ɗago kai.

"Ranar da na rako shi na ce mun haɗu a wurin mai jarida, a tashar bas na tsince shi. Mijin maƙwabciyarmu Hilary ya taɓa dawo da shi daga bakin makaranta. Kina tsammani haka kawai mai kawo madara ya koma rufe muku ƙofar lambu in zai tafi?"

"Kuka yi shiru?"

"To ke kin yi magana ne? Kullum kika fito kamar za ki gaisa da sarauniya. Muka ce in mun nuna mun sani, kunya za ta kashe ki."

Glenys ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sai wata dariya ta kufce mata, ta haɗu da kukan.

"Ashe duk gugar tagar nan a banza na yi."

"Ba a banza ba," in ji Pauline tana tura mata kofi. "Tagoginki kam ba na biyunsu. Sha shayi."

Glenys ta kama hannun Kieran a kan tebur. Ta ce maganar da ta faɗa masa ta fi komai hana ta barci, kuma in yana son sani, duk Juma'a kifin shagonsu ake ci a gidan nan tun kafin a haife shi, Norman take aikawa ta ƙofar baya.

"Na sani, Misis Thackray. Kifi biyu yake saya, ɗaya ba gishiri. Ya wuce, ki bar shi."

Washegari Bryony da Kieran suka kai Norman wurin likita, Glenys na biye tana riƙe da jakarta kamar mai zuwa jin hukunci. Aka tura su babban asibiti, aka ɗauki hoton kansa, aka yi gwaje-gwaje, aka yi ta jira. Ranar da sakamako ya fito, likitar ta juyo musu da hoton ta nuna da biro. Ta ce ba irin ciwon mahaifin Glenys ba ne. Ruwa ne ya taru a cikin kansa yana danne ƙwaƙwalwa, shi ke kawo jan ƙafar da mantuwar da sauran. Ana iya sa masa siririn bututu ya riƙa janye ruwan. Ba ta yi alkawarin zai koma kamar da ba, ta kuma ce da an zo da wuri da ya fi, amma tana sa ran za a ga sauƙi.

Glenys ta tambaya sau biyu ko ta ji daidai. Da suka fito, ta zauna a benci a farfajiyar asibitin ta ja numfashi mai tsawo, ta ce rabonta da jin iska ta kai mata har ciki tun bara.

Aka yi aikin. Ƙafafun ne suka fara dawowa, sai barci ya daidaita, zannuwa suka koma igiyar waje. Mantuwar ba ta tafi duka ba, amma ya daina neman 'yan aji huɗu. Maƙwabta suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ya fita da shi yawo, wancan ya zauna da shi Glenys ta je gyaran gashi. Kieran kuwa kullum ya rufe shago da rana sai ya zo su yi atisayen tafiya a lambu, daga ƙofa zuwa bishiyar tuffa, Hedimasta na riƙe da kafaɗarsa.

A wani irin yammacin ne Norman ya ce da matarsa, a gaban Bryony, "Na san abin da ke faruwa da ni, Glenys. Ba kullum ba, amma na sani. Na ga kina ta fama don kada in gane, sai na ce bari in yi kamar ban gane ba, kada in ɓata miki aiki."

"Kai ma?" in ji Glenys.

"Ni ma."

"Gida guda, kowa na yi wa kowa wasan kwaikwayo," in ji Bryony. "Ni kaɗai ce ban sami tikiti ba."

An ɗaura auren a watan Oktoba, ganyaye sun yi ja. Norman ya rako 'yarsa da sanda a hannu ɗaya, ita a ɗayan, a hankali, ba wanda ya ƙosa. A wurin walima ya miƙe zai yi jawabi, ya yi jimla uku masu kyau, ta huɗu ta ɓace masa. Ya tsaya. Da can, da Glenys ta yi wuf ta cike masa. Ranar sai ta naɗe hannu ta bar shi.

"Na manta sauran," ya ce da jama'a. "An yi mini aiki a kai, kun dai sani. Abin da ban manta ba shi ne, yaron nan ya ga ranar da na fi jin kunya a rayuwata, kuma bai taɓa tuna mini ba. Ku ɗaga kofi."

Aka ɗaga, Pauline na share hawaye da hankicin da ta ce na mura ne.

Rufa wa gida asiri abu ne mai kyau, amma akwai rufin da ke hana magani shiga. Glenys ta ɓoye damuwarta don ƙauna, ɓoyon ya kusa raba 'yarta da mijin kirki, ya kuma jinkirta wa mijinta sauƙin da ke jiransa a asibiti. Wanda ke fama ya faɗa wa nasa, wanda ya gani kuma ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya. Kieran da aka ci wa fuska bai rama ba, bai kuma gudu ba, ga shi ya sami matarsa da iyaye biyu a kai.

Da aka tashi, Glenys ta tsaya a bakin zauren tana cije leɓe. Sabon takalminta mai tsini ya matse ta tun safe, ga mota can nesa, ga rabin gari a tsaye ana sallama.

"Lafiya?" in ji Pauline.

"Ƙafata kamar ana gasa ta."

"To cire mana."

Glenys ta dubi jama'a, ta dubi takalmin. Ta dafa kafaɗar surukarta, ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa Norman ya riƙe mata, ta taka zuwa mota da safa.